Wa Ya Faɗa?

Ƙarfe goma na dare a Antofagasta,
mai gadin laburare ya fara kaɗa makullai.
Maite Quilodrán ba ta ɗago ba.
Tana shafi na tamanin da ɗaya,
inda Farfesa Ulloa ya ja layi da jan biro,
ya bar kalma uku a gefe: Wa ya faɗa?

Jimlar ba ta da aibi a ido:
"An rage jan ruwan ƙasa da kashi arba'in."
Ta buɗe baka, ta sa sunan kamfani,
waƙafi, shekara, waƙafi, shafi, ta rufe.
Haka ƙa'idar manazarta ta tanada:
in babu sunan mutum a bangon rahoto,
kamfani ya hau kujerar marubuci.

To, ya hau.
Amma Minera Tres Salares ba ta da yatsun riƙe alƙalami.
Wani ne ya zauna a hawa na sha huɗu a Santiago,
ya zaɓi hoton tsuntsaye a bakin tafki,
ya zaɓi shekarar da za a fara ƙirga,
ya karɓi albashi, ya koma gida,
ko sunansa bai bari ba.
Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi,
sai dai mai haja ba ya zama alƙalin hajarsa.

Can gindin duwatsu, kaka Eduvigis
ta ƙulla wa igiyar guga ƙari sau uku
tun da aka yaye Maite.
Wannan ma ma'auni ne.
Ba shi da shekara, ba shi da shafi,
littafin ƙa'ida ya ce hirar baka
ba ta shiga jerin ƙarshe.

Kuma da kuɗin tagullar nan
babanta ya biya rajistar bana.
Ta san tarinsa na asuba.
Ta san launin takardar albashinsa.

Ba ta goge adadin ba.
Ta kai siginar kwamfuta farkon jimla,
ta dasa kalma uku, amsar uku:
In ji kamfanin.
Sannan ta sauko layi,
ta fara bayanin igiya,
ƙulli bayan ƙulli.

Mai gadi ya kashe fitilar baya.
Ta ce masa, "Saura minti biyu, Don Aurelio,
ina neman inda zan sa kakata."