Wutar da Ke Haifar Sanyi

Man shanu ne ya fara tona asiri.
Na buɗe firji da asuba, na tarar ya saki jiki a faranti,
madara ta juya mana baya,
kwalaben allurar sugan Orrin, su huɗu,
ɗumi-ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Shekara tara ke nan gidanmu na tafiya a kan tayoyi shida.
Bana mun yada zango a Quartzsite,
inda Arizona ta baza tsakuwa har iyakar gani,
motocin tsofaffi irinmu sun yi sahu, kowa da kujerarsa a ƙofa.

Orrin ya yi shekara talatin da ɗaya
yana ja wa mutanen Duluth wayar lantarki.
Yau cokali ma sai ya taka rawa kafin ya kai baki.
Ya ce, "Marlys, idona bai manta hanya ba.
Ara mini hannunki."

Na zare filogi. Na rufe gas.
Na kwance murfin da ke jikin mota ta waje.
Zanzaro ya gina ɗakuna uku a ciki,
ko sisin haya bai biya ba.
"Shinshina. Akwai warin da ke yanka hanci?
Kin ga gari ruwan ɗorawa a gindin bututu?"
Babu.
Ya sauke numfashi. "To, ba mutuwa ba ce. Jinya ce."

Fiyus lafiya lau.
Na cire wayoyi biyu, na ɗora musu bakin mita.
"Arba'in da huɗu za ta ce, in da rai."
Mita ba ta ce uffan ba.
"Hita ce. Ta tsinke daga ciki, inda ido ba ya zuwa."

Hita? A cikin firji?
Ya yi dariya har da tari.
"Wannan ba shi da inji, yarinya.
Sai an tafasa masa ciki yake yin sanyi.
Tururi ya hau, ya huce, ya sauko,
ya kwashe zafin abincinki ya fita da shi ta rufi."
Shekara tara ina shan ruwan sanyi,
ban san wuta nake bin godiya ba.

Ga ta nan, sandar ƙarfe, ba ta fi tsawon tafina ba,
a soke cikin kubenta, an lulluɓe da auduga mai ƙaiƙayi.
Tsatsa ta riƙe ta gam.
Na ɗiga mai. Na jira.
Ignacio na motar kusa ya kawo kula cike da ƙanƙara,
ya karɓi kwalaben kamar an miƙa masa jariri.
Na murɗa hagu, na murɗa dama.
Filaya ta kuɓuce, ta ɗauki fatar yatsana,
na faɗi kalmar da uwata ba ta koya mini ba.
"Lallaɓa ta," in ji Orrin. "In kin huda bututun, mun shiga uku."
A karo na goma sha wani abu
ta yi ƙiii, ta fito,
baƙa, kumburarriya, da tsagu a ciki.

Sabuwar dala talatin da takwas ce
a rumfar wata mata mai sayar da kayan tsofaffin motoci.
Ta shige sumul.
Na mayar da auduga, na haɗa wayoyi, na soka filogi.

Shiru.

"Haka yake. Ba ya gurnani, ba ya alkawari."
Na sa kofin ruwa a saman, na rufe.
Da magariba na taɓa bututu, ya ƙone ni,
ban taɓa murnar ƙuna irin ta ranar ba.
Tsakar dare na tashi sau biyu.
Sau biyu ya ce, daga cikin bargo, "Kar ki buɗe."

Da gari ya waye na miƙa masa kofin.
Hannunsa ya kama rawar da ya saba,
ƙanƙara tana bugun gilashi,
ƙal, ƙal, ƙal.
Bai sha ba tukuna.
Ya riƙe shi kusa da kunne.