Koriyar Rayfield

Kuɗin sallamata na kwashe kaf
na sayo tsohuwa koriya a Rayfield,
kujera biyu, rufin tamfol,
sitiyari a dama, tun na zamanin kuza.

Ladidi ta leƙo ta taga:
"To, ina za a sa buhun dankali?"
Na yi kamar ban ji ba.

Sa'ata ce, har tarin asuba tare muke.
In sanyi ya kama ta sai turi,
yaran Dogon Dutse sun yanka farashi.

Gyang bakanike a Farin Gada
ya buɗe kanta, ya daɗe shiru,
ya ce kafireta biyu gare ta, kuma ba sa ga maciji.
Filoginta sai an aika Ingila.
Baƙin mai kuwa, ɗis, ɗis,
tsakar gida duk ta sa hannu.

Amma jiya a hanyar Bukuru
ta gyara murya a giya ta uku,
iska ta fizge mini hula, ban waiwaya ba.

A dawowa ƙanƙara ta tare mu,
tamfol ya ƙi rufuwa.
Na tuɓe babbar riga na lulluɓe kujerun,
na tsaya gefe ina karkarwa.