Shirwa Mai Inji

Da hantsi na turo shi ni kaɗai daga rumfa a Ambursa,
fikafikai dogaye kamar azara.
Ba jirgin da zai ja ni da igiya,
ba mutum biyar da zan roƙa su bar aikinsu,
ba jiran wani ya gama karin kumallo.
Na murɗa makulli, ƙaramin inji ya ɗago daga ƙusumbi
yana tari kamar tsohon injin ban ruwa,
muka tashi.

A sama na kashe shi. Ya naɗe, ya koma ɗakinsa.
Sai shiru,
irin shirun cikin rumbu bayan an kwashe hatsi.
Ungulaye uku na kewaya bisa faƙon Zauro,
na bi sawunsu, don sun fi ni sanin
inda ƙasa ke huci, inda zafi ke hawa.
Gulbi ya koma zare a bakin allura,
fadama tabarma ce da ba a gama saƙawa ba.

Nomau makanike ya sha faɗa mini:
"Wannan abin da ke bayanka kaya ne, ba gata ba.
Kana goye da shi awa huɗu don amfanin minti goma.
Nauyinsa na cin iskar da ka samu,
kuɗinsa na cin gonar da ka gada.
Fulogi ɗaya ya mutu, sai mun jira wata biyu
kafin wani ya iso daga ƙetare."
Na ce masa mai inji ba ya kwana a daji.
Ya goge hannu da tsumma, ya ce,
"Mai guzuri ne ke yin nisan da ba a dawowa."

Wata Laraba bayan la'asar iska ta mutu.
Da ba ni da inji, da tuni na zaɓi fili
na sauka da mutuncina.
Amma na ce akwai inji, na ƙara gaba.
Na ce akwai inji, na ƙara ƙasa,
har ina gane launin zannuwan da aka shanya a Gulma.
Na ɗago shi. Na danna. Ya yi tari ɗaya.
Na sake dannawa.
Farfela a tsaye, a buɗe kamar lema a gaban iska,
abin da na saya don ya ɗaga ni
shi ke ja na ƙasa ninki biyu.

Gonar shinkafa ta karɓe ni, taɓo har gwiwa.
Arzika mai gonar ya iso da fartanya a kafaɗa,
bai tambayi ko na ji ciwo ba
sai da ya ƙirga fangulan da na kwantar.
"Ba inji gare shi ba?" Na ce akwai.
"To mi ya hana ka tada shi?" Na ce ya ƙi.
Ya dubi jirgin, ya dube ni: "To mi amfani nai?"
Buhu shida muka yi tsada.
Bajimai biyu suka ja ni zuwa tudu
da igiya, wadda na yi alfaharin na fi ƙarfinta.

Washegari Nomau ya kira ni da yatsa.
Zanzaro ne ya gina ɗaki a bututun iska,
laka da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.
Bai ce komai ba. Da ma ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Har yanzu ina tashi ni kaɗai da hantsi,
ina son wannan, ba zan ɓoye ba.
Sai dai idan iska ta fara sanyi a ƙarƙashina
ido ke fara aiki kafin yatsa:
in zaɓi faƙo mara itace, in san ta inda zan shiga,
sannan in taɓa makulli.
Saura buhu biyu Arzika ke bi na.