Hawa na Bakwai

A hawa na bakwai, a Valparaíso,
tagar ofishina tana kallon tashar jiragen ruwa,
inda ƙugiyoyin ɗaukar kaya ke sunkuyawa su miƙe
kamar masu neman abin da ya faɗi.

Shekara goma sha tara ina tsayawa gaban alƙali,
muryata ce jarina.
Da aka ƙara mini girma sai aka karɓe muryar,
aka ba ni alƙalami da kujera mai juyawa,
da lauyoyi arba'in da ɗaya
waɗanda ba sa kai kowa kotu sai na sa hannu.

Yau Amaro Painemal ya shigo da fayil a ƙirji
kamar mai ɗauke da jariri.
Yaro ne, jininsa na tafasa, ruwan Yuli na ɗiga daga rigarsa.
Ya ce, "Ranki ya daɗe, hujja ta cika.
Igiyar ƙarfe ta tsinke, kwantena ta faɗo,
Eleodoro Vilches yana ƙarƙashi.
Ga sa hannun shugaban lebura, Cárcamo,
cewa igiyar lafiya lau take.
Mu tuhume shi."

Na karanta har mai shara ta kashe fitilun baranda.
Shafi ɗari uku da shida.
Tsakanin na casa'in da na casa'in da biyu
akwai giɓi,
kamar bakin da aka cire wa haƙori.
Wa ya ce a ɗage gyara sai an gama lodin inabi?
Cárcamo ba ya ɗage komai,
ko lokacin cin abincinsa wani ke yanke masa.
Jakin yana sama yana kiwo,
mu ga taiki an miƙo mana mu daka.

Na san yadda ake cin shari'a irin wannan.
Na taɓa cin ta.
Segundo Barría, direban babbar mota,
shekara shida na samo masa da wannan bakin nawa,
abokan aiki suka yi mini liyafa.
A ta huɗu gaskiya ta fito
daga aljihun teburin wani mamaci.
Ranar da aka sake shi bai zage ni ba.
Tambayata ya yi ko bas ɗin Quillota
har yanzu a gaban kasuwa yake tsayawa.
Ban sani ba.
Ko wannan ban sani ba.

Da ƙarfe tara waya ta yi ƙara daga Santiago.
Gaisuwa mai tsawo, yaya gwiwa, yaya jikoki,
sai can a wutsiyar zance:
jaridu sun gaji da jira.
Na ce na ji.
Jin kawai na yi.

Kowace Talata Nélida, matar Eleodoro,
tana kan bencin ƙasa, kusa da mai gadi,
hular kwanonsa a cikin jakar cefane.
Ba ta son kalmar "bincike".
Suna take so, ko na wane ne,
wanda za ta tsana ta samu barci.
Ban ga laifinta ba.
Da ni ce, abin da zan nema ke nan.

Na cire murfin alƙalami, na mayar,
na sake cirewa.
A bangon fayil na rubuta layi ɗaya:
A nemo shafi na casa'in da ɗaya.

Amaro zai daina gaishe ni na mako guda,
ya ce tsufa ya sa mini tsoro.
Wataƙila da gaskiyarsa.
Wataƙila shafin ya daɗe da zama toka.

Gobe Talata.
Lif ya lalace tun Juma'a.
Ba zan aika sakatare ba,
ni zan sauka, matakala ɗari da ashirin da shida,
da wannan gwiwar,
in zauna kusa da jakar cefanen
in ce mata ba yau ba.