Gorar Ruwan Tafki

Ajinmu ba ƙofa, taga ɗaya ce,
yara saba'in da huɗu, benci tara,
saura a ƙasa bisa buhunan taki.
Allon bango ya koɗe,
sai na goga masa baƙin tsohon batir kafin ya karɓi alli.

A nan na san Haladu.
Ɗan guntun yaro, idanu jajur,
zuciya kamar ƙaiƙayi kusa da murhu.
A taɓa masa fensir, benci ya kife.
A ce masa "matsa", wani ya tafi gida da haƙori a hannu.

Na karya tsumagiyar tsamiya biyu a bayansa,
ta ukun da kaina na yanko a hanyar Kafin Hausa.
Ba ya kuka. Sai ya kafe ni da ido
kamar jakin da ya ƙi hawa gada,
gobe kuma a koma gidan jiya.

Wata Talata babur ya mace mini da asuba,
na yanka ta fadama da ƙafa.
Can na hango shi tsakiyar shinkafa,
yana kaɗa gwangwanaye, yana yi wa jan-baki ihu,
murya ta dushe, rana ko fitowa ba ta yi ba.
Ashe daga nan yake zuwa aji,
ba koko a ciki,
ihun bai gama fita daga ƙirjinsa ba.

Na tsuguna bakin tafki na cika gorar roba,
ruwa da laka da guntun kainuwa.

A aji na girgiza ta, na dire kan tebur.
Na ce, "Wa ke hango ni ta cikin nan?"
Ladidi ta ce, "Malam, ai kunun kanwa ne."
Na ce a yi shiru, a zuba mata ido.
Shirun bai cika ba: wani ya yi tari, akuya ta leƙo.
Amma laka ta yi ta sauka, sannu sannu,
har fuskata ta fito ta bayan roba, hanci ƙato.

Na ce, "Haladu, gorar nan taka ce.
Duk sanda abin ya taso maka wuya,
girgiza ta, je ƙarƙashin dalbejiya,
ja numfashi, ka sauke.
Kar ka dawo sai ka ga yatsanka ta ciki."

Ba zan yi ƙarya ba,
satin farko jifa ya yi da ita, ta sami Tanimu a gwiwa.
Sati na uku ya fita sau biyar a yini,
lissafi ya wuce shi,
hedimasta ya ce na mai da aji gidan boka.
Sai bayan girbi na ga hannun nan ya dunƙule,
ya tashi sama, ya tsaya can
kamar wanda ya manta hanya,
sannan ya sauko kan gora.

Amma ranar da ba ta barin raina daban ce.
Wata ya mutu, albashi shiru,
mai kanti ya tare ni gaban mutane.
Na shigo aji ya zama kasuwa,
Ladidi ta ɓarar da ruwa kan rajista.
Hannuna ya kai saman allo
inda tsumagiya ta uku ke kwance cikin yana.

Aji ya yi tsit.

Sai takun ƙafa marar takalmi.
Haladu ya girgiza gora da hannu biyu,
ya dire ta gabana,
ya koma ya zauna. Bai ce uffan ba.

Na fita.
Ƙarƙashin dalbejiya akwai wani dutse
da zamansa ya goge sumul.
Na zauna a kai, gora a cinya.
Tawa lakar ta fi tasa daɗewa kafin ta kwanta.