Kakar Bana a Gaɓar Mira

Satumba ta kwashe masu wanka ta tafi.
An naɗe laimomi, mai askirim ya garƙame rumfa,
yashin Mira ya dawo hannunmu,
ni da Gervasio da karensa mai ido ɗaya.

Tun duku-duku nake kafa sandunana biyu,
in soke tana a ƙugiya da yatsun da sanyi ya ƙame,
in shiga ruwa har gwiwa, in wurga.
Darma ta tsallake kumfar fari, ta tsallake ta biyu,
ta faɗa can inda ruwan ya yi duhu.
Aiki ya ƙare ke nan. Saura kallo.

Akwai ɗan littafi a aljihun kwat ɗina.
Uku ga Oktoba: iskar arewa, ba komai.
Tara: ciyawar teku ta nannaɗe zare.
Sha huɗu: ƙaguwa ta cinye koto,
ta bar mini ƙugiya fes, kamar an wanke.
Ashirin: Gervasio ya ce manyan jirage ne suka kwashe kifin.
Ashirin da ɗaya: ya ce laifin wata ne.
Jibi zai ce gwamnati ce.

Shekara talatin na yi a Faransa
ina shimfiɗa tayil a ɗakunan da ba nawa ba,
gwiwa a ƙasa, ido a agogo.
Yanzu teku ne agogon.
Ya cika, ya janye,
bai taɓa tambayata ko na gama ba.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni ko dutsen ban kamo ba.

Idalina kan leƙa bokiti in na shigo:
"Sardin na kasuwa ba ya neman sammako."
Amma miyar kabeji ta riga ta tafasa
tun kafin ta ga hannuna.
Ko ba'a ce ko tausayi, ban tambaya ba, sha nake.

Bayan tuddan yashi an girbe masara,
hayaƙin kara na ratsowa ta cikin itatuwa.
Tsuntsaye na wucewa kudu, layi bayan layi,
rana na rage tsawo kamar kyandir.
Mukan raba kofi a murfin filas ɗaya,
ba ma cewa komai, kare ma ya koya.

Sha ɗaya ga Nuwamba, da almuru,
bakin sandar hagu ya rusuna sau ɗaya.
Na ɗauka iska ce.
Ya sake rusunawa, har ƙasa.
Na manta da gwiwa, na manta da shekaru,
na naɗo, na naɗo, igiyar ruwa ta miƙo mini shi:
robalo, fari sol kamar sabon cokali,
yana buɗe baki, yana rufewa.

Na gwada shi da zanen da ke jikin bokiti.
Saura yatsa biyu ya kai.
Gervasio ya kau da kai, wai yana gyaran hula,
ya bar ni da abin da zan yi.

Sanyinsa ya daɗe a tafina bayan ya tafi.

A littafi na rubuta: ɗaya, na mayar.
Fensir ya jiƙe, sai da na danna.
Gobe ruwa zai cika da bakwai saura kwata,
kuma akwai sauran tana a gwangwani.