Ƙusar da Maɗaci Ya Haɗiye

Ba na sayen katako a wurin masu inji.
Abin da gari ya tofar nake bi ina tsinta:
azarar gidan da aka rushe a Tudun Wada,
haƙarƙarin jirgin masunci da ya gaji da ruwa a Kabala,
turmin da ya tsage, uwargida ta ce a kai murhu.
Ni kuwa sai in ce a kai Panteka,
rumfa ta uku, bayan masu walda.

Bara, da aka zo faɗaɗa titi,
suka kwantar da maɗacin bakin kwana.
Kwana biyu yana ƙasa,
ganyensa bai ji labari ba, yana ta kore abinsa.
Masu itacen girki suka iso da gatari,
na riga su da dubu bakwai da ɗan magiya.
Ni da Jatau muka ɗora gungumen a kura,
taya na kuka, masu mota na zagi.

Wata tara na bar shi a inuwa.
Ɗanyen icce maƙaryaci ne,
ka rantse a kansa yau, gobe ya murɗe ya kunyata ka.
Sai da na ƙwanƙwasa na ji ya amsa da muryar dattijo
sannan na ɗauko zarto.

Muna ja, muna ja,
gari ja na zuba kamar yajin mai jego,
ɗacinsa har maƙoshi.
Can tsakiya zarto ya yi ƙara.
Haƙora uku suka tafi.

Ƙusa ce.
Baƙa, lanƙwasasshiya, taƙi guda cikin tsoka,
icce ya rufe ta ruf, bai gaya wa kowa ba.
Jatau ya ce a zare. Na ce dakata.
Na tofa yawu a yatsa na bi zoben shekaru,
daga ɓawo zuwa inda take: talatin da ɗaya.

Sai na ga madubi.
Madubin Sallau mai aski, mai tsaga a kusurwa,
yana lilo a jikin maɗacin nan,
ni a kan benci, ƙafa ba ta kai ƙasa,
babana ya dawo daga masaƙar Kakuri da auduga a gira,
ya riƙe min kunne yana cewa namiji ba ya motsi.

Ban zare ta ba.
Na feƙe kewayenta a hankali,
baƙin da ta zubar ya kwanta cikin jan kamar kwalli.
Gefen da gara ta yi rubutu na bar mata rubutunta.
Ƙafafu na azara, ɗaya ta ƙi kai tsawon 'yan'uwanta,
na yi mata takalmi da guntun jirgi.
Fenti bai taɓa shi ba,
man kaɗe kawai, da tsumma, da yammaci huɗu.

Wata daga Barnawa ta zagaya shi sau biyu,
ta ce yana da kyau, in dai za a cire tabon.
Na ce tabon nake sayarwa, teburin gyara ne.
Ta yi dariya, ta shiga mota.

Ranar Asabar jikan Sallau ya riƙo shi daga Rigasa.
Ido ya tafi, hannu na nan.
Ya shafa, ya shafa, kamar mai neman inda aska za ta fara,
har yatsa ya tsaya.
Ya ce, da dutse na buga ta, ba ni da guduma lokacin.
Ya yi shiru.
Masu walda ma, ban san dalili ba, suka yi shiru.

Sannan ya ce, to kafinta,
tun da ka iya tsince-tsince,
ba ka ga madubin ba?